TAFARNUWA A CIKIN ABINCIN KAJI MASU ƘWAI

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malamansu, saboda wata magana da ta bazu tsakanin masu kiwon kaji. Ana cewa wai in an zuba wa kaza tafarnuwa cikin abinci sai ta ƙara yawan ƙwai, ƙwan kuma ya fito ba shi da kitsen nan da likitoci ke tsoratar da mutane a kansa, watau kolestarol. Mai kaji dubu a bayan gari ya ji wannan magana, matar aure mai kaji goma a akurki ita ma ta ji. To, talaka in abu ya shige masa duhu, ƙofar dagaci ya kan nufa, dagaci kuwa ya kawo maganar gaban hakimi. Ba ya kamata amsar da za a ba shi ta tsaya ga "haka mu ma muka ji," gama kuɗinsa ne a ciki, wani ma jarinsa ke nan duka.

Maganar ba ƙarya ba ce ɗungum, ba kuwa gaskiya ba ce ɗungum. Masana sun fi shekara arba'in suna gwada ta a ƙasashe dabam dabam. Za mu bi ta daki daki, domin hakimi ya san inda zai ce i, da inda zai ce a'a, da inda zai ce a gwada tukuna.

MENE NE KOLESTAROL?

Wani abu ne dangin kitse, mai kama da kakin zuma, wanda ke cikin jikin ɗan Adam da dabbobi da tsuntsaye. A cikin tsakuwar da kan fito a maɗaciyar mutum aka fara ganinsa a ƙasar Faransa, wani masani kuma mai suna Chevreul ya raɗa masa suna a 1815. Ba dafi ba ne. Da shi jiki ke gina bangon 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da suka haɗu suka zama nama da ƙwaƙwalwa da jijiya. Da shi a ke yin ruwan maɗaciya mai narkar da mai a cikin hanji, da sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa. Jiki da kansa ke ƙera mafi yawansa, babbar maƙerarsa kuwa ita ce hanta.

Aibinsa ɗaya ne. In ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru, sai ya riƙa kwantawa a jikin hanyoyin jini, kamar yadda laka kan kwanta a lambatu har ruwa ya kasa wucewa. In hanyar da ta toshe ta zuciya ce, sai bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki. A 1913 wani likitan Rasha, Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga hanyoyin jininsu sun lalace kamar na tsoho mai ciwon zuciya. Daga nan aka fara zargin duk abincin da ke ɗauke da shi da yawa, ƙwai kuwa yana sahun gaba. Bisa ga awon Ma'aikatar Gona ta Amurka, babban ƙwai guda yana da miligiram 186, duka a cikin gwaiduwa, farin ƙwai ba shi da ko kaɗan. A 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta shawarci mutane kada su wuce gwaiduwa uku a mako. Cinikin ƙwai ya ja baya a can, masu kaji suka shiga neman dabarar da za ta rage wannan abu tun daga cikin kaza. Asalin maganar tafarnuwa ke nan. Ba a ƙasarmu aka fara ta ba, ba kuma don matsalarmu aka fara ta ba, wannan kuwa abin tunawa ne in mun zo gaba.

YADDA KAZA KE HAƊA GWAIDUWA

Wanda bai fahimci wannan sashi ba, sauran bayanin ba zai zauna masa ba, saboda haka a karanta shi a tsanake.

Kazar da a ke ciyarwa da masara da dusa da waken soya ko tunkuza, kusan ba ta cin kolestarol ko kaɗan, gama ba abincin tsiro ne ke ɗauke da shi ba. Amma duk da haka kullum sai ta zuba kusan miligiram 200 a cikin ƙwai. Ina ta samo shi? Hantarta ce ta ƙera. Sa'ad da sagara ta isa saka ƙwai, sai hantarta ta kumbura da aiki, ta riƙa haɗa mai da kolestarol da sauran kayan gwaiduwa, ta zuba su cikin jini, jini ya kai su mahaifar ƙwai. Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza mai ƙwai ya ga jerin gwaiduwoyi a cikinta, babba da mai bi mata da mai bi mata, har zuwa ƙanana kamar ƙwayar gero. Kowace gwaiduwa ta kan yi kwana bakwai zuwa goma tana cika kafin ta faɗo. In ta faɗo sai farin ƙwai ya lulluɓe ta, sa'an nan ɓawo, wanda shi kaɗai kan ci wajen awa 20. Daga faɗowar gwaiduwa zuwa saka ƙwai awa 24 ne zuwa 26.

To, don me kaza ke wannan wahala? Ba don mu ci ta ke yi ba. Guzuri ne ta ke ɗaura wa ɗan tsako. Kwana 21 zai yi a rufe cikin ɓawo, ba nono, ba tsaba, da abin da ke cikin gwaiduwar nan zai gina ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa da duk jikinsa. Saboda haka jikin kaza yana tsaron wannan ma'auni ƙwarai da gaske. Masu zaɓen iri sun yi shekaru suna ware kajin da ƙwansu ya fi ƙarancin kolestarol suna haɗa su, ragin da suka samu bai taka kara ya karya ba. A 1999 wani masani a Amurka, Robert Elkin, da abokan aikinsa suka ba kaji ƙwayar maganin da likitoci ke ba mutane don rage kolestarol. Mafi ƙarfin magungunan ya rage na cikin ƙwai kusan rabi, amma kajin suka rage saka, ƙwan kuma ya ƙanƙance. Watau in an matsa wa kaza lamba, gara ta rage ƙwai da ta saka wanda ba shi da guzuri. Ƙwai marar kolestarol sam sam ba a taɓa samunsa daga cikin kaza ba. Duk wanda ya ce yana sayar da irinsa, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana so ya ci da ceto.

ABIN DA KE CIKIN TAFARNUWA

Tafarnuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Ana noma ta da rani a fadamun Sakkwato, musamman wajen Wurno da Goronyo, da ƙasar Kano da Jigawa da Kabi, har da lambunan Azbin a Jamhuriyar Nijar. Kowa ya san in dunƙulenta na ajiye ba ya wari sosai, sai an daka ko an yanka wari ke tashi. Dalili shi ne akwai abubuwa biyu a cikin ƙwayarta, kowanne a ɗakinsa, ɗaya ana kiransa aliyin, ɗaya aliyinas. Taɓarya ce ke rushe bangon da ke tsakaninsu, su haɗu, nan take su haifi abu na uku mai suna alisin, mai ɗauke da farar wuta. Shi ne mai warin nan da yajin nan. Masana biyu a Amurka, Cavallito da Bailey, su suka fara ware shi a 1944, suka kuma nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalba.

Sai dai alisin ba ya daɗewa. Zafi yana lalata shi, ajiya tana lalata shi, ya rikiɗa zuwa waɗansu abubuwa dabam. In an dafa ƙwayar tafarnuwa ba a daka ba, wuta ta kan kashe aliyinas tun kafin ya yi aikinsa. Saboda haka ɗanyar tafarnuwa, da dakakkiya busasshiya, da garin kanti wanda aka busar da inji, da man tafarnuwa wanda aka tatsa da tururi, sunansu ɗaya amma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne.

A 1983, a garin Madison na jihar Wiskonsin ta Amurka, Asaf Qureshi da abokan aikinsa suka ba kaji abin da suka tatso daga tafarnuwa, sa'an nan suka duba hantarsu. A cikin hanta akwai wani sinadari wanda shi ne kamar mai zuga a maƙerar kolestarol: in ya yi sauri aiki ya yi sauri, in ya yi sanyi aiki ya yi sanyi. Shi ne kuma wanda ƙwayar maganin nan ta likitoci ke daƙilewa. Suka tarar tafarnuwa ta rage ƙarfinsa da wajen kashi 80 cikin 100. Kolestarol na cikin jinin kajin kuwa ya sauka da kashi 20 zuwa 25 cikin 100. A lura da abu biyu. Na ɗaya, an kashe wa mai zuga kashi huɗu cikin biyar na ƙarfinsa, amma abin da ya ragu a jini bai wuce rubu'i ba, gama jiki yana da hanyoyin cike giɓi. Na biyu, kajin nan ba su fara saka ba. Sauran tambaya ita ce ko ragin zai kai ga gwaiduwa.

GWAJE-GWAJE A KAN KAJI MASU SAKA

A nan ne maganar masana ta rabu.

A 1991, a Jami'ar Clemson ta Amurka, aka ba kaji masu saka man tafarnuwa kaɗan, giram 1 cikin kowane kilo 5 na abinci. Ba a ga wani canji ba, ko a jini, ko a gwaiduwa, ko a yawan ƙwai. Bayan 'yan shekaru, a jami'ar nan dai, Glenn Birrenkott ya ba kaji garin tafarnuwa kashi 3 cikin 100 na abincinsu har wata takwas. Shi ma bai sami ragin kolestarol ba.

Gwajin da ya fi shahara, wanda daga gare shi yawancin maganar da ke yawo ta samo tushe, shi ne wanda Chowdhury da abokan aikinsa na Bangaladash da Kanada suka buga a 2002. Sun ɗauki kaji 36 masu mako 28 da ƙyanƙyasa, iri shida na kajin gidan gona. Suka daka tafarnuwa ta yi laushi, suka shanya ta a rana, sa'an nan suka raba kajin kashi shida. Kashi na farko ba a sa masa kome ba, domin ya zama ma'auni. Sauran aka sa musu kashi 2, da 4, da 6, da 8, da 10 cikin 100 na abincinsu, har mako shida. Abin da suka gani ya tafi a jere kamar matakala: iyakar yawan tafarnuwa, iyakar saukar kolestarol, a jini da a gwaiduwa duka. A mataki na ƙasa gwaiduwa ta ragu da wajen kashi 5 cikin 100, a mataki na sama da wajen kashi 24. Nauyin ƙwai da cin abinci da nauyin kajin ba su canja ba. Bambancin yawan saka da aka gani kuwa tsakanin iri da iri ne, watau asalin kaza ya fi tafarnuwa tasiri.

Gwaji ne mai kyau, amma malamin da ya saba da lissafi zai ga rauninsa da kansa. Kaji 36 a raba shida, kowane kashi kaza shida ke nan. Hakimin da aka ce ya faɗi arzikin gundumarsa bisa ga rumbun mutum shida, ai zai ce a ƙaro. Mako shida kuma gajeren lokaci ne ga kazar da za ta shekara tana saka.

A 2006 Yalçın da abokan aikinta a Ankara ta ƙasar Turkiyya suka yi wanda ya fi wannan girma da tsawo: kaji 162, mako 22, garin tafarnuwa giram 5 da giram 10 cikin kowane kilo na abinci. Kolestarol na gwaiduwa ya sauka, ƙwan ya ɗan ƙara nauyi, amma yawan ƙwai bai ƙaru ba, bai kuwa ragu ba. A 2011 kuma, a Afirka ta Kudu, Olobatoke da Mulugeta suka gwada kashi 3 da kashi 5 cikin 100. A kashi 3 farin ƙwai ya ƙara kauri, wanda alama ce ta ƙwai mai kyau, ƙwayoyin cuta kuma suka ragu a kashin kajin. Amma a kashi 5 kajin suka rage cin abinci, saka ta ragu, waɗanda aka ba ƙwan su ɗanɗana suka ce suna jin tafarnuwa sosai a ciki.

Me ya kawo wannan saɓani? Mun riga mun faɗi babban dalili, watau irin tafarnuwar da aka yi aiki da ita da yadda aka sarrafa ta. Ban da wannan akwai ƙasar da aka noma ta, da daɗewarta a ajiye, da irin kajin da shekarunsu, da tsawon gwajin. Akwai kuma wani tarko na lissafi da ya kamata malamai su sani. Yawanci a kan auna kolestarol ne a cikin giram guda na gwaiduwa. In abin da ke cikin giram guda ya ragu kaɗan, gwaiduwar kuma ta ƙara girma kaɗan, to, mai cin ƙwai guda bai rage kome ba.

Abin da za a iya faɗa ba tare da tsoron kunya ba shi ne: tafarnuwa ta kan rage kolestarol na jinin kaza sau da yawa, ta kan rage na gwaiduwa wani lokaci, ragi kaɗan ko matsakaici. Game da yawan ƙwai kuwa, akwai gwaje-gwajen da suka ga ɗan ƙari, akwai wanda ya ga ragi, amma mafi yawa ba su ga canji ba. Wanda ya sayi tafarnuwa don ƙwai ya ƙaru, ya sayi abin da ba a yi masa alkawari ba.

A YI LISSAFI

Mu ɗauki ragi mafi girma, kashi 24 cikin 100. Ƙwan da ke da miligiram 186 ya koma wajen 141. Har yanzu ƙwai ne mai kolestarol. Nawa za a kashe a sami wannan?

Kazar gidan gona mai saka ta kan ci giram 110 zuwa 120 a yini. Mu ce 115. Kaji 100 za su ci kilo 11 da rabi ke nan. Ushirin wannan, watau kashi 10 cikin 100, ya haura kilo guda na busasshiyar tafarnuwa kullum. Ɗanyar tafarnuwa kuwa fiye da rabinta ruwa ne, saboda haka sai an sayi kusan kilo 3 kafin a sami wannan bayan ta bushe. A wata guda ya haura kilo 80, ban da ladan masu ɓarewa da masu daka. Malamin hakimi ya aika kasuwa a tambayo kuɗin tafarnuwa ranar nan, ya buga, ya raba da yawan kiret ɗin da kaji 100 ke bayarwa a wata, ya ga nawa ya hau kan kowane kiret. Sa'an nan ya tambayi kansa ko akwai mai shayi ko mai kanti a gundumar da zai biya wannan ƙari saboda abin da ido ba ya gani. Ga kuma wata hasara: duk kilon tafarnuwa da ya shiga buhu, kilon masara ko waken soya ne ya fita.

In kuwa kashi 1 cikin 100 ne, giram 250 ke nan a buhu mai kilo 25, kaji 100 su ci giram 115 a yini. Wannan aljihu zai iya ɗauka, musamman ga wanda ke noma abarsa, ko mai samun ƙananan ƙwayoyi da fasassun da kasuwa ta ƙi. A ganinmu iyakar abin da ya cancanci gwadawa a ƙasar nan ke nan.

ƘWAI DA LAFIYAR MUTANENMU

Mun ce a baya ba don matsalarmu aka fara wannan bincike ba. Su ma waɗanda suka fara shi sun sassauta. Bincike na baya ya nuna, ga yawancin mutane, in sun ci kolestarol da yawa hanta ta kan rage nata, kuma kitsen dabba da man shanu da kakiɗe sun fi ƙwai tayar da na cikin jini. A 2015 hukumomin Amurka suka cire iyakar miligiram 300 a yini da suka daɗe suna shawarta. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya, ko wanda aka auna aka ce kolestarol nasa ya hau, wannan ya bi abin da likitansa ya ce masa, kada ya dogara ga ƙwan wani mai kaji. Kada kuma ya ajiye maganinsa ya koma ga cin tafarnuwa. A 2007 Jami'ar Stanford ta gwada ta ga mutum 192 har wata shida, ɗanya da ta ƙwaya, ba ta rage musu mugun kolestarol ba.

Mu a nan, yaron ƙauye da ke cin ƙwai har ya yi masa yawa, a nuna mana shi. Wanda ba ya samu ko sau ɗaya a wata shi ne da yawa. Ƙwai guda yana da wajen giram 6 na abin gina jiki, ga sinadaran da ke taimakon ido da jini da ƙwaƙwalwa. Har yanzu akwai gidajen da a ke hana yara ƙwai wai kada su koyi sata. In hakimi zai yi wa jama'a magana a kan ƙwai, wannan ta fi maganar kolestarol gaggawa nesa ba kusa ba. Kada tallan "ƙwai marar kitse" ya sa uwa ta ɗauka ƙwan akurkinta cuta ne.

ABIN DA KE ƘARA ƘWAI

Wannan sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Iri ne farko: kazar gida mai kiwon kanta ta kan yi 40 zuwa 60 a shekara, ta gidan gona ta kan kai 280 ko fiye, cikinsu har da Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar. Sai abinci mai abin gina jiki kashi 16 zuwa 17 cikin 100, da garin ƙashi ko ɓawon kawa domin ɓawon ƙwai, da ruwa mai sanyi wanda ba ya yankewa, da haske wajen awa 16, da inuwa da iska lokacin bazara. Sai rigakafi, musamman na annobar Niyukasil wadda kan share kajin gari da hunturu, wanda cibiyar Vom ke yi tun da daɗewa. Tafarnuwa ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya bar allurar rigakafi ya dogara ga tafarnuwa a ruwan sha, ranar da annoba ta shigo zai kwashe gawa da kwando. A sani kuma, dangin albasa da tafarnuwa in sun yi yawa su kan fasa jajayen ƙwayoyin jinin dabbobi. An ga haka ga karnuka da kyanwoyi da dawaki da shanu, tsuntsaye ma ba su tsira ba.

IN ZA A GWADA A GUNDUMA

Gani ya kori ji. Hakimin da ke da mai kaji mai hankali a ƙasarsa, wanda ya yarda don kansa, yana iya sa a gwada tare da malamin gona ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Amma a yi shi bisa ƙa'ida, in ba haka ba wahala ce kawai.

A sami kaji iri ɗaya, ƙyanƙyasa ɗaya, a raba su gida biyu daidai, kowane gida kada ya kasa 20. Kada mai kaji ya zaɓi masu ƙiba ya tara su gefe guda. A kama su yadda hannu ya faɗa, wannan dama, wannan hagu. Ɗakunan su zama daidai wajen inuwa da iska da ruwa. A yi mako biyu ana ƙirga ƙwan kowane ɗaki ba a sa kome ba, domin a san inda aka tashi. Sa'an nan a ɓare tafarnuwa, a daka, a baza ta sirara a kan tabarma mai tsabta ta bushe ƙayau, a niƙa. A auna giram 250 ga buhu mai kilo 25, da sikeli, ba da tafin hannu ba. A fara cuɗa garin da mudu guda na abinci, sa'an nan a juye wannan mudu cikin sauran a yi ta juyawa, in ba haka ba wata kaza za ta ci rabon goma, wata ba ta samu ba. Kada a haɗa abin da ya wuce na mako guda. Ɗaki ɗaya a ba shi wannan, ɗaya a bar shi da abincinsa na kullum, har mako takwas. Kada a sa ran ganin kome a ƙwan kwana goman farko, gama gwaiduwarsa ta riga ta fara cika tun kafin a soma.

Aikin malami shi ne littafi, kamar yadda malaman da suka riƙe littafin jangali. Kowace rana, kowane ɗaki: kaji nawa, ƙwai nawa, fasassu nawa, abinci nawa aka zuba, nawa ya rage, ko akwai wadda ta yi ciwo ko ta mutu. Sau ɗaya a mako a auna ƙwai goma na kowane ɗaki. A mako na huɗu da na takwas a dafa ƙwai daga ɗakunan biyu a ba mutum biyar ko shida su ci, kada a gaya musu wanne ne wanne, a rubuta abin da suka ce. In kaji sun fara barin abinci, ko zankonsu ya koɗe, ko saka ta faɗi kwana uku a jere, a tsai da tafarnuwa a kira malamin dabbobi.

Abu guda ne wannan gwaji ba zai nuna ba, shi ne kolestarol ɗin kansa. Ba a ganinsa da ido, ba a jinsa a harshe. Jan gwaiduwa ko fari-farinta daga jar masara da ɗanyen ganye ne, ba ruwansa da kolestarol. Sai an kai ƙwan ɗakin awo na jami'a ko na cibiyar bincike. Saboda haka in mai talla ya zo fada yana neman hakimi ya sa masa albarka a kan ƙwai ko garin da ya ce yana rage kolestarol, a tambaye shi takardar awo, da sunan wurin da aka auna, da ranar da aka auna, da miligiram nawa aka samu a ƙwai guda.

In mako takwas sun cika, malami ya kwafe littafin, hakimi ya sa hannu, a aika wa ofishin gona na ƙaramar hukuma. A aika ko an ga amfani ko ba a gani ba, da irin tafarnuwar da aka yi aiki da ita, da kasuwar da aka saye ta, da kuɗin da aka biya.